Yadda Ake Mayar da Gilashin Bayan Akori-kura Mai Zamiya Ya Koma Na Lantarki

A motocin akori-kura da ke yawo a titunan Kaduna, gilashin da ke bayan kujeru iri biyu ne: ko dai falle ɗaya ne da aka manne shi ba ya motsi, ko kuma mai kashi-kashi wanda na tsakiyarsa ke zamewa gefe idan an cire sakata an tura shi da hannu. Wannan bayani ya shafi iri na biyu ne, wanda aka fi gani a motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su Toyota Tacoma da Nissan Frontier da Ford F-150, da kuma wasu daga cikin Hilux. Amfanin ɗan gilashin nan ba ƙarami ba ne, domin idan aka buɗe shi tare da sassauta gilashin gaba, iska tana ratsa motar ta fitar da zafin da ya taru a ciki, musamman a watannin Maris da Afrilu, kuma ta nan direba ke magana da yaran da ke zaune a bodi tare da kaya. Matsalar ita ce a mota mai ƙofa huɗu hannun direba ba ya kaiwa wurin, kuma wanda ya yi ƙoƙarin juyawa ya tura shi alhali yana gudu a hanyar Zariya ko ta Abuja ya jefa kansa da fasinjojinsa cikin haɗari. Shi ya sa masu mota da yawa ke son a sa masa ƙaramin injin lantarki, wanda 'yan rewaya ke kira moto, ta yadda za a riƙa buɗe shi da makunni daga gaba.

Kafin a sayi komai, a fara da gwada gilashin da ke jikin motar. A cire sakata, a sa yatsu biyu a tura shi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Idan yana tafiya sumul, aikin zai yi sauƙi. Idan kuwa sai an sa ƙarfi, ko yana cijewa a tsakiya, ko yana karkacewa, to a dakata da maganar moto tukuna, domin moton da aka ɗora wa gilashi mai cijewa ba ya daɗewa: ko kebul ya tsinke, ko haƙoran roba na cikinsa su cinye. A garinmu abin da ya fi jawo cijewar shi ne ƙurar hunturu da ta shiga layin da gilashin ke bi, sannan ruwan damina ya zo ya daskarar da ita. Idan aka leƙa kusurwoyin layin ƙasa za a tarar da jar laka ta bushe ta toshe 'yan ramukan da ruwa ke bi ya fita waje. Sai a samo tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu a wanke layin tas, a zura siririyar waya a buɗe ramukan, a bari ya bushe, sannan a fesa man silikon. Kada a shafa giris ko baƙin mai, domin suna kama ƙura, kuma suna lalata roba. A ganina wannan mataki ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa saboda ba ya cin kuɗi.

Hanyoyin yin aikin guda biyu ne da za a iya dogara da su. Ta farko ita ce a cire gilashin gaba ɗayansa da firam ɗinsa, a sa na lantarki na asali wanda kamfanin ya yi wa irin motar. Tacoma da F-150 duk suna da samfuran da suka fito daga masana'anta da gilashi mai moto, saboda haka akan samu na Beljiyam da aka ciro daga motar da ta yi haɗari, idan aka bincika wajen masu kayan gyara a Panteka ko Ori-Apata. Wanda zai saya ya tafi da lambar shasin motarsa da awon gilashinsa, faɗi da tsayi, domin shekarar ƙira da girman ɗakin mota suna canza girman gilashi. Ya kuma nace a ba shi kayan a haɗe: gilashi, moto, kebul biyu da ke fita daga moton, ƙarfen da ake ɗaure moton a kai, da soket ɗinsa tare da guntun waya, sannan makunni idan akwai. A gwada moton a gaban mai shago da batir, a ga gilashin ya je ya dawo, kafin kuɗi ya fita daga aljihu. Wannan ita ce hanyar da na fi amincewa da ita, domin an riga an auna ƙarfin moton daidai da nauyin gilashin, kuma bangon bayan ɗakin motar sau da yawa yana da ramukan notin da za a ɗaure shi.

Hanya ta biyu ita ce a bar gilashin da ke jiki, a ƙara masa moto da kebul. Ta fi araha, amma ta fi buƙatar natsuwa. Akwai masu sa wani sandan lantarki mai turawa da ja a madadin kebul, irin wanda ake sa wa ƙofofi. Ban ba da shawarar a yi haka ba, saboda da yawansu suna da ƙarfin da ya wuce kima, kuma idan hannun yaro ya shiga tsakani ba za su tsaya ba.

Ko wace hanya aka zaɓa, farkon aiki ɗaya ne. A kashe mota, a cire wayar batir mai alamar ragi, a jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin a taɓa komai, domin na'urar jakar iska, wadda ke kumbura ta kare mutum idan an yi haɗari, tana riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an cire batir. Duk soket ko wayar da aka gani mai ruwan ɗorawa ta jakar iska ce, kada a yanke ta, kada a soka mata testa, kada kuma a ɗaure sabuwar waya a jikinta. Daga nan sai a kwantar da kujerar baya ko a cire ta, a ɓalle robobin da suka rufe bangon baya da ginshiƙan gefe a hankali, a tara ƙananan maƙalansu a gwangwani ɗaya don kada su ɓace.

Idan za a canza gilashin gaba ɗaya, aikin cirewa da mannewa na mai gilashi ne, kuma bai kamata a ba wanda bai saba ba. A tsofaffin motoci roba ce ke riƙe gilashin, ana zura igiya a cikin robar a jawo leɓenta ta ciki ya hau kan ƙarfe. A sababbi kuwa baƙin gam ne mai ƙarfi, irin na gilashin gaba, wanda ake yankawa da siririyar wayar ƙarfe, wasu kuma har da notuna ta ciki. Bayan an cire, ba a kankare tsohon gam har ƙarfe ya fito. Ana barin kamar milimita 1 zuwa 2, domin sabon gam ya fi kama tsohon ɗan'uwansa. Duk inda wuƙa ta karce fenti a shafa firema, wato fentin share fage, nan take, in ba haka ba tsatsa za ta fara ci ta ƙarƙashin gam, kuma ba za a sani ba sai ruwan Agusta ya fara sauka a bayan kujera. Bayan an ɗora sabon gilashi a riƙe shi da tef, a bar motar ta kwana ba a wanke ta ba, ba a kuma bi da ita hanya mai gargada ba, sannan a sassauta gilashin ƙofa ɗaya domin iskar rufe ƙofa kada ta tura sabon gilashin waje.

Idan kuwa tsohon gilashin za a bari, abu na farko da ya wajaba a sani shi ne ba a huda shi. Gilashin baya gasasshe ne, da zarar bakin injin huji ya taɓa shi zai tarwatse ya zama tsakuwa. Ɗan ƙarfen da kebul zai kama, sai dai a manne shi a gindin gilashin mai motsi da gam mai ƙarfi wanda aka yi don haɗa ƙarfe da gilashi, ko kuma a yi amfani da ramin da sakata ta bari idan irin mai rami ce. A goge wurin da sifirit har ya yi ƙal, a cire tintin da ke daidai wurin idan akwai, domin gam da aka shafa a kan leda, ledar ya kama. A rufe gilashin ruf a yi alama da tef a kan layi, a buɗe shi gaba ɗaya a sake yin alama. Tazarar da ke tsakanin alamomin biyu ita ce tafiyar da kebul zai yi, kuma da ita za a zaɓi kayan. A ɗaure moton a bangon baya ƙarƙashin gilashi, a wurin da kujera ba za ta danne shi ba, a bar kebul biyun su yi lanƙwasa mai faɗi ba tare da karyewa ba, su kuma ja daidai da layi. Kebul ɗin da ke ja a karkace shi ne ke ɓalle ƙarfen da aka manne. Dole ne a cire sakatar hannu gaba ɗaya, domin ranar da wani ya kulle ta direba kuma ya danna makunni, wani abu sai ya karye. Ba a rasa tsaro da cire ta ba, saboda haƙoran cikin moton ba sa juyawa idan an tura gilashin daga waje.

Sai maganar wuta, kuma a nan ne ya kamata mai mota ya tsaya a kan aikin da kansa. Moton yana aiki da wutar batir mai bolt 12, yana da waya biyu, kuma juya masa wuta shi ke sa ya canza alkibla. Hanya mafi tsafta ita ce a yi amfani da rile biyu masu ƙafa biyar, wato ƙananan makunnai da wuta ke kunnawa. Wayar moto ɗaya a kai ta ƙafa mai lamba 30 ta rile ɗaya, ɗayar kuma ta ɗaya rilen. Ƙafa mai lamba 87a ta kowannensu a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota a wurin da aka kankare fenti, ƙafa mai lamba 87 kuma ta karɓi wuta daga batir. Ƙafa 85 ita ma ta tafi jikin mota, sannan ƙafa 86 ta kowane rile ta tafi nata gefen na makunni. Da wannan haɗi, idan ba a danna komai ba wayoyin moton biyu suna jikin mota, shi kuma yana tsaye cak. Idan aka danna gefe ɗaya, rile ɗaya ya ba da wuta gilashi ya buɗe, idan aka danna ɗaya gefen ya rufe. Makunnin ya zama irin mai komawa tsakiya da kansa idan an ɗage yatsa. Wayar da ke ɗauko wuta daga batir ta kasance mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ta tagulla zalla, kuma a sa mata fiyus kusa da kan batir, mai amfiya 15 ko 20 gwargwadon abin da moton ke ja. Fiyus ɗin da aka sa can baya kusa da moto bai kare doguwar wayar da ta ratsa ƙarƙashin kafet ba, alhali ita ce ke iya gogar ƙarfe ta kama da wuta.

Wani ɗan rewaya zai ce, "Alhaji, bari mu ɗauko wuta daga fitilar rufi, ta fi kusa." Kada a yarda. Wayar fitila siririya ce, kuma a sababbin motoci tana bi ta cikin kwamfutar da ke kula da wutar jikin mota. Ita kuwa ƙaramar wutar da ke zuwa makunni, a ɗauko ta daga layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, domin yaran da aka bari a mota kada su mai da gilashin abin wasa. Yawancin waɗannan injinan lantarki na gilashin baya ba su da na'urar da ke sa gilashi ya koma idan ya matse hannu, saboda haka a kafa makunnin a gaba kusa da direba kaɗai, kuma direba ya duba madubi kafin ya rufe. A bi da wayoyin ta ƙarƙashin robar dokin ƙofa cikin bututun roba, a sa zoben roba duk inda waya za ta ratsa ƙarfe, a haɗa mahaɗai da dalma ko maƙalar matsewa, kada a tsaya ga murɗawa da naɗa tef, wanda zafin Kaduna ke saki cikin 'yan watanni.

Kafin a mayar da robobi da kujera, a haɗa batir a gwada. Idan gilashin ya tafi saɓanin alamar makunni, a musanya wayoyin moton biyu kawai. A buɗe a rufe sau da yawa ana sauraro: ƙara mai ƙas-ƙas alama ce kebul yana tsallake gurbinsa, raguwar gudu a wuri ɗaya kuma alama ce layin ya matse a nan. A saki makunni da zarar gilashin ya kai ƙarshe, domin ci gaba da dannawa yana ɗumama moto. Daga nan wani ya shiga ciki da tocila, wani ya zuba ruwa da tiyo daga saman rufi zuwa ƙasa, a tabbatar ruwan da ya shiga layi yana fita ta ramukansa waje.

Bayan aiki ya kammala, a riƙa wanke layin da fesa silikon a farkon hunturu da kuma ƙarshensa. A kiyaye barin gilashin baya a buɗe shi kaɗai alhali sauran suna rufe, musamman a cunkoson Kawo ko lokacin da aka ɗauko jarkokin mai a bodi, domin yana iya jawo hayaƙin salansa da tururin fetur zuwa cikin mota. Mai mota ya sa ɗan rewaya ya nuna masa inda fiyus ɗin yake da yadda ake zare kan kebul daga jikin gilashi, ya kuma ajiye fiyus biyu na ko-ta-kwana tare da tsohuwar sakatar a aljihun dashbod, domin idan moton ya tsaya gilashi a buɗe ana tsakiyar ruwan sama, ya iya rufe shi da hannu har ya isa gareji.