Girkin tukunyar lantarki a kwanon tangaran cikin obin, ga inda ake samun matsala

Sau da yawa uwargida za ki ga resipi mai daɗi amma an rubuta shi ne don tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali, ke kuma kwanon tangaran mai murfi gare ki, sai ki juye komai ciki ki tura obin ki bar shi awa 8 yadda aka rubuta. Wallahi abinda za ki tarar sai ya ba ki haushi, nama ya bushe ƙamas romo ya kama gindin kwano.

Ita tukunyar lantarki zafinta wajen digiri 90 na ma'aunin Celsius yake tsayawa, shi ya sa ake barin ta wuni guda. Obin kuwa a 150 zuwa 160 za ki sa shi, in mai fanka ne ki rage 20. Resipin da ya ce awa 8 a ƙaramin zafi ko awa 4 a babban zafi kusan abu ɗaya ne, a obin ya koma kamar awa 3. Kar kuma ki ce za ki ƙara wuta don sauri, jijiyar nama lokaci take so kafin ta narke, ki soka cokali mai yatsu in ya shige ba gardama to ya yi.

Maganar ruwa ita ce ta fi damuna. A tukunyar lantarki tururi yana taruwa a murfi ya ɗiga ya koma ciki, don haka ruwa kaɗan ake rubutawa a resipin, shi kuwa murfin tangaran ba ya rufuwa ruf, ga iskar obin busasshiya, tururin ficewa yake ta gefe. Ki ƙara ruwa ya kai rabin naman ko ya ɗan wuce, ki shimfiɗa foyil a bakin kwanon kafin ki ɗora murfi, bayan awa ɗaya da rabi ki leƙa ki juya naman don na saman kar ya ƙeƙashe. In ruwa ya ja ki ƙara, amma mai zafi fa! Ni kaina na taɓa zuba na sanyi ina sauri, ƙas ɗin da na ji har yanzu ina tunawa, kwanon ya tsage tun daga baki har ƙasa romo yana bin tiren obin.

Tangaran ba ya son canjin zafi farat ɗaya. Kar ki fito da shi daga firij ki cusa a obin mai zafi, ki bari ya sha iska tukuna, in kin sauke kuma ki aje kan katako ko busasshen tsumma, banda jiƙaƙƙen wuri. Sannan ba a ɗora shi kan wutar gas. Suyar nama da albasa a kaskon suya za ki yi ta, ki zuba ɗan ruwa ki kankaro abinda ya kama ki juye a kwanon, ɗanɗanon yana nan.

Dankali da karas ki yanka manya ki tura su ƙarƙashin romo. Ganye da tattasai sai saura minti 30, madara ko kirim kuma sai kin kusa saukewa, in ba haka ba tsinkewa za su yi.

Busasshen jan wake mai kama da ƙoda kuwa don Allah kar ki zuba shi ɗanye, yana da wani sinadari mai sa amai da gudawa wanda ƙaramin zafi ba ya kashewa. Ki jiƙa shi ya kwana, ki zubar da ruwan, ki tafasa shi sosai a tukunya daban aƙalla minti 10 sannan ya shiga kwanon.