Yadda Za a Tattauna da Likitan Reyanimasiyo Idan Jikin Mara Lafiya Ya Yi Tsanani

Duk wanda ya taɓa jinya a ƙofar ɗakin reyanimasiyo, wato sashen asibiti da ake ba waɗanda jikinsu ya yi tsanani kulawa ta musamman, a Garwa ne ko a Njamena, ya san cewa likita ba ya saurin furta cewa magani ya daina amfani. Sai dai ya ce, "Muna iya ƙoƙarinmu, a ci gaba da addu'a." Ba rashin sani ba ne. Ƙa'idojin da yawancinsu suka karanta, musamman na Faransa, inda dokar Leonetti ta 2005 ta hana dagewa kan maganin da ba ya haifar da komai sai wahala, sun ba da damar dakatarwa. Amma likitoci da yawa suna ganin ƙin ɗora mutum a kan injin numfashi ya fi musu sauƙi a zuciya fiye da cire shi bayan an ɗora, ga kuma tsoron kada dangi su ce asibiti ne ya kashe musu ɗan'uwa.

Saboda haka iyali su fara zaɓar mutum ɗaya, babban wa ko kawu, wanda zai riƙa magana da likita, domin idan kowa ya tare shi a baranda, kowa zai koma gida da labari daban. Wakilin ya nemi zama, ya zo da tafinta idan Faransancinsa bai nuna ba, sannan ya yi tambaya kai tsaye: "Likita, wannan injin warkar da Baba yake yi, ko riƙe shi kawai yake yi?" Sau da yawa wannan tambayar ce likitan yake jira.

Idan zuciya ba ta natsu ba, a tuntuɓi malami, a kuma san cewa Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta cire injin idan ƙwararru sun tabbatar ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya.

Dakatar da injin ba ya nufin dakatar da kulawa. A tambayi batun morfin, maganin rage tsananin raɗaɗi, tun da wuri, don ba koyaushe ake samunsa ba, a kuma roƙi izinin shigar mutum ɗaya ko biyu da za su jiƙa wa mara lafiyan leɓe da auduga, su laƙƙana masa kalmar shahada.