Darasi na 7: Gyaran Jikin Babur Bayan Faɗuwa

Babur ya faɗi, Allah ya tsare, mai shi ya tashi lafiya. Amma tanki ya lotse, madigadi ya tsage, fenti ya ƙwarzane.

Kafin komai, tura babur ɗin a miƙaƙƙiyar hanya ka lura. Idan kansa yana ja gefe, ko tayar gaba da ta baya ba sa bin sawu ɗaya, wataƙila ƙafar gaba ta lanƙwashe. Wannan aikin makaniki ne, fenti ba ya gyara shi.

Sai ka kwance tanki, ka juye fetur duka cikin jarka, ka kai shi nesa da murhu. Don Allah kada wuta ta kusanci tankin nan, ko da ka leƙa ka ga ba mai a ciki. Tururin da ya rage shi ke fashewa. Idan yana yoyo, kai wa ƙwararren mai walda, ko ka sayi wani.

Ƙaramar lotsawa kuwa, fila ke cike ta, wato wani kwaɓi da ake shafawa a jikin ƙarfe ya daskare. A nan karatunka zai yi maka rana. Juya bayan samfefa ka karanta lambar da ke jiki. Ƙaramar lamba, kamar 80, kaushi gare ta, da ita za ka kankare tsohon fenti da tsatsa har ƙarfe ya fito fes. Babbar lamba, kamar 400, laushi gare ta, ita ce ta ƙarshe.

Fila tana zuwa da ɗan maganin da ke sa ta daskare. Kwaɓa kaɗan-kaɗan a kan guntun katako, domin cikin 'yan mintuna take ƙanƙarewa. Shafa ta siririya. Bayan kamar rabin awa ka goge da lamba 180, in akwai rami ka ƙara. Sannan ka rufe ido, ka bi wurin da tafin hannu a hankali. Tudun da ido bai gani ba hannu zai ji shi, kuma da fenti ya hau kowa zai gan shi. Yawancin aikin a gugar nan yake, kada ka gaji da ita.

Madigadin roba da ya tsage, huda ɗan rami a ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, sannan ka liƙe ta ciki.

Wanke kayan da omo su bushe sarai. Zaɓi safiyar da ba iska, musamman da hunturu, ka yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta. Yi aikin a fili, da takunkumi a hanci, yara su matsa. Girgiza gwangwanin fenti minti 2. Fara da firaima, wato fentin ƙasa da ke sa na sama ya kama, ta bushe, ka bi ta da 400. Riƙe gwangwanin taƙi ɗaya (daga babban yatsa zuwa na tsakiya in ka ware hannu) daga tanki, hannu yana tafiya. Fesa fentin sama-sama sau 3, da hutun minti 10 a tsakani. Ka cika shi lokaci ɗaya, zai zubo kamar hawaye.

Na san ɗan acaɓa ba ya son babur ya kwana a gida, amma ka ba fentin kwanaki ya yi ƙarfi. Fentin gwangwani ba ya shiri da fetur, don haka a gidan mai, ɗigo na sauka ka share.

Aikin gida: samo samfefa iri biyu, rubuta lambobinsu a littafinka, ka zo mana da su darasi na gaba.