Yadda za ka kwatanta kuɗin gida da harajinsa a ƙasashe daban-daban

Kwanan nan a majalisarmu ta bayan isha'i wani abokinmu ɗan Kwari ya miƙo waya yana nuna mana filat a Dubai, wai kuɗinsa bai fi na wani gida da aka yi masa tayi a unguwar Nasarawa ta nan Kano ba, sai wani ya ce ai ƙaninsa a Amurka ya sayi gida mai ɗaki huɗu a ƙasa da haka, aka yi ta musu har dare ya yi. Abin da ya dame ni shi ne kowa farashin da aka rubuta a talla yake kallo, alhali wannan farashin somin taɓi ne, kuma na san mutanen da suka tura guminsu na shekaru waje a kan irin wannan lissafin.

Fara da awo. Mu nan da fuloti muke magana, 50 sau 50 ko 100 sau 50, kuma ƙafa ce. Fulotin 100 sau 50 murabba'in ƙafa 5,000 ne, wajen murabba'in mita 465. Amurka da Dubai da ƙafa suke talla, Faransa da Turkiyya da mita, kuma murabba'in mita ɗaya ƙafa 10.76 ne. To ka raba farashi da girman wurin ka fitar da kuɗin mita ɗaya. Amma ka lura, dillalin Kano girman fili yake gaya maka, su kuwa masu filat cikin ginin kawai suke aunawa, babu tsakar gida babu garejin da za ka mayar shago, don haka gini da gini za ka haɗa, fili da fili.

Sannan ka mayar da komai dala kafin ka kwatanta, kar ka yi da naira. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, a 2024 ta haura 1,500, wato gidan da bai motsa ba a can a idonka ya ninka sau uku. Dirhamin Dubai a ɗaure yake da dala a 3.67, riyal ɗin Saudiyya 3.75, waɗannan lissafinsu da sauƙi. Ka yi amfani da farashin da za ka samu da gaske a kasuwar canji ta Wapa ko a bankinka.

Yanzu harajin, nan ne ainihin maganar, kuma kashi biyu ne: wanda ake biya sau ɗaya ranar saye, da wanda zai bi ka duk shekara muddin gidan na hannunka.

Dubai ba ta karɓar harajin gida na shekara, shi ya sa mutanenmu ke rububi, amma ranar canza suna hukumar filaye na karɓar kashi 4 cikin 100, ga kuma kuɗin kula da gini da ake lissafawa a kan kowace ƙafa duk shekara, na lifta da masu gadi da shara, ko kana ciki ko kana Kano sai ka biya. Saudiyya kashi 5 take karɓa a cinikin gida tun 2020. Faransa idan tsohon gida ne kuɗin rajista da takardu kan kai kashi 7 zuwa 8, kuma akwai harajin shekara a kan mai gida.

Amurka kuwa a harajin shekara nauyin yake, kuma ba gwamnatin tarayya ke sa shi ba, ƙananan hukumomi ne, da shi suke riƙe makarantu, shi ya sa in wani ya ce maka "harajin gida a Amurka kaza ne" ka tambaye shi wace jiha, wane gari. A jihar Niyu Jazi ya haura kashi 2 na darajar gida a shekara, Hawayi bai kai rabin kashi ɗaya ba, Tekzas ba ta karɓar harajin albashi na jiha amma tana fanshewa a kan gidaje. Ɗauki misali gidan dala 300,000 inda ake biyan kashi 2, dala 6,000 ke nan duk shekara, shekara goma 60,000, kuma in ka daina biya suna iya gwanjon gidan. Gidan dala 300,000 ɗin nan a Dubai kashi 4 ɗinsa 12,000 ne sau ɗaya, sai ka ɗora kuɗin kula da gini na shekara goma ka ga wanne ya fi nauyi. Ni dai shekara goma nake ba da shawara a lissafa, ƙasa da haka yaudarar kai ce.

Ingila tata daban ce. Harajin ƙaramar hukuma mazaunin gida ne ke biya, ko da ɗan haya ne, kuma an raba gidaje rukuni takwas bisa darajarsu ta 1991. Kuɗin hatimi, wato harajin ranar saye, shi ne mai zafi: wanda ba mazaunin ƙasar ba ana ƙara masa kashi 2 tun 2021, wanda kuma yake da wani gida ana ƙara masa kashi 5 tun Oktoban 2024, kuma fa gidanka na Hotoro ko Rijiyar Zaki yana shiga lissafi idan darajarsa ta kai fam 40,000. Mutane da yawa ba su san wannan ba.

Sai ka tambayi me ka mallaka ma tukuna. Mu nan tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, takardar shaidar mallaka yawanci shekara 99 ce, ana biyan kuɗin ƙasa, kuma sayarwa sai da amincewar gwamna. Gaskiya da yawanmu takardar mai unguwa da shaidu kawai muke riƙewa, ba ma sa kuɗin KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, da safiyo da la'adar dillali a lissafi, sai gidan Kano ya yi kama da mai araha fiye da yadda yake. Ka sa su duka, har da rijiyar burtsatse da sola, tunda a can ruwa da wuta na zuwa da gidan. Filat a Ingila yawanci haya ce mai tsawo, shekara 99 ko 125, in shekarun sun ragu darajar na faɗuwa. Gana ba ta ba baƙo fiye da shekara 50. Dubai kuma unguwanni ne keɓaɓɓu baƙo ke iya mallaka.

Ka samu takarda ka ja layi ga kowace ƙasa, ka rubuta kuɗin mita ɗaya, kuɗin ranar saye, na shekara sau goma, da hayar da gidan zai iya kawowa bayan an cire harajinta. Kafin ka tura ko sisi ka ce mai sayarwa ya turo maka rasit ɗin haraji da na kula da gini na bara, ainihin takardar, ka ba lauyan da kai ka ɗauka a ƙasar ya duba, ba wanda dillalin ya haɗa ka da shi ba.