Sayen hatsi da kaka don ajiya: kurakuran da ke cinye jari

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Dawanau ko Giwa ko Dandume a watan Nuwamba ya san lissafin: a sayi masara ko wake da arha, a ajiye, a sayar da bazara ko tsakiyar damina lokacin da rumbunan manoma suka yi ƙasa. Sana'a ce mai son ƙarfin hali, tana kuma son taka-tsantsan. Matsalar sabon shiga ita ce yakan musanya musu wuri, ya yi kasada inda ya kamata ya nutsu, ya ja ƙafa inda ya kamata ya yanke shawara.

Kuskure na farko shi ne zuba jari gaba ɗaya a kaya iri ɗaya, a mako ɗaya, wani lokaci har da bashi a kai. Mai yin haka yana ɗauka cewa farashi dole ya tashi, tunda bara ya tashi. Babu dole a kasuwa. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150, kuma a 2025 farashin hatsi ya yi ta sauka, da yawa cikin waɗanda suka tara kaya suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Gyaran shi ne a raba kuɗin uku: kashi ɗaya a farkon kaka, kashi ɗaya bayan mako uku ko huɗu idan kaya sun cika kasuwa, kashi na uku a riƙe a hannu. A haɗa kaya biyu, misali masara da waken suya. Kuɗin adashe ko bashin da za a biya cikin wata uku bai dace da ajiyar wata shida ba, domin mai bashi zai tilasta maka sayarwa ranar da bai kamata ba.

Akwai kuma akasin wannan: mutum ya yi ta jiran farashi ya kai ƙasa ƙarshe, yau ya taya, gobe ya fasa, har Janairu ta wuce manyan 'yan kasuwa sun kwashe kaya masu kyau. Ba wanda ke sanin ranar da farashi ya taɓa ƙasa sai bayan ta wuce. Ka sa wa kanka farashin da ka yarda da shi, in ya zo ka saya.

Inda ake asara mafi ciwo shi ne danshi, kuma nan ne mutane suka fi sakaci, su dogara da bakin dillali. Sabuwar masara takan zo da sauran ruwa a jikinta. In aka ɗinke ta haka, za ta yi zafi a buhu, ta yi fumfuna, ta rame a awo. Danshin da ake so don ajiya kada ya wuce kashi 13 cikin 100. In babu na'urar awo, a ciji ƙwaya: busasshiya takan fashe da ƙara, mai danshi takan lotsa. Gwajin gishiri ya fi wannan. A sami busasshiyar kwalba, a zuba hatsi ya kai kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, a ƙara cokali biyu na busasshen gishiri, a girgiza minti ɗaya, a bari kamar minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, kayan na bukatar ƙarin shanya. Kuma kada a duba bakin buhu kawai, don algus a tsakiya yake zama. A zazzage buhu biyu ko uku cikin kowane goma, a auna a ga ko tiya 40 ɗin da ake sa rai a kowane buhu ta cika.

Wake ya fi komai jan ƙwaro, shi ya sa wasu ke yayyafa masa maganin ƙwari na Sniper. Wannan ganganci ne da ran mutane, kuma sinadarin da ke cikinsa ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Buhun PICS mai leda biyu a ciki ya wadatar: a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su mutu don rashin iska. Sharaɗinsa kada ya huje, kada kuma a riƙa buɗewa ana leƙawa. A jera buhunan kan katako, nesa da bango, a toshe ramukan ɓera tun kafin kaya su shigo.

Sai lissafin riba, wanda galibi ake yi da farashin saye kaɗai. A ce an sayi buhu naira 40,000. La'ada, dako, kuɗin mota, sabon buhu da hayar sito sun ci 5,000. Uwar kuɗi ta zama 45,000, don haka wanda ya sayar 44,000 yana murna, faɗuwa ya yi. A rubuta komai a littafi tun ranar farko, har da zakka idan dukiyar ta kai nisabi ta kuma shekara.

Wajen sayarwa kwaɗayi ke shiga. Farashi ya kai inda aka yi fata, sai mutum ya ce bari ya ƙara kaɗan, har sabon amfani ya fara shigowa kasuwa. Tun ranar saye a tsayar da farashi biyu, na cin riba da na tsira da jari. In na farko ya zo a sayar da rabi, sauran a riƙa fitarwa kashi-kashi. In kuwa farashi ya faɗo ya taɓa na biyu, a saki kaya ko da zuciya ba ta so. Kada tsohuwar masara ta kai ƙarshen Agusta a sito, domin daga Satumba sabuwa ke fara sauka a kasuwa.