Dukiyar wanda ya gudu da diyyar wanda aka yi wa ɓarna: yadda ake bi da su in ƙura ta lafa

Harin yankin Tillia na watan Maris 2021, wanda gwamnati ta ce ya ci rayuka 137, yana cikin abubuwan da suka tarwatsa jama'a a arewacin jihar Tahoua ta Nijar. Duk inda mutane suka fara komawa gida, magana biyu ke jiran maigari a ƙofar fada. Ga gona da rumbu da bisashen wanda bai dawo ba, wani lokaci ana raɗe-raɗin ya bi ƴan bindiga. Ga kuma wanda aka ƙone wa gida yana tambayar wa zai biya shi.

Ta farkon ita ce ta fi haifar da sabuwar fitina, don haka mu fara da ita. Zargi ba ya mayar da dukiya ganima. Ko a yaƙin ƙasa da ƙasa, dokokin Hag na 1907 sun hana ƙwace dukiyar mutum ta kansa, kuma ƙarin da aka yi wa yarjejeniyar Janeba a 1977 ya hana wasoso da hukunta dangi gaba ɗaya saboda laifin mutum guda, har a rikicin cikin gida. Kotu kaɗai ke iya ƙwace dukiya, bayan shari'a. Kafin nan amana ce. Maƙwabtanmu sun ga fuska biyu ta wannan bayan yaƙin basasar Najeriya a 1970: a wasu garuruwan Arewa an mayar wa Ibo gidajensu har da kuɗin haya, a Fatakwal kuwa aka kira su dukiyar da aka watsar, rigimar ta ɗauki shekaru gommai.

Aikin farko ƙidaya ne, cikin kwanakin farko, kafin hannu ya yi yawa. Maigari ya kira shaidu uku waɗanda ba su da gado a gidan kuma ba su da tsohuwar gaba da shi, tare da sakataren hukumar filaye ta ƙauye, wato COFOB. A rubuta gona da iyakokinta huɗu da sunan maƙwabcin kowane ɓangare, da itatuwan da ke ciki: gawo nawa, aduwa nawa. A buɗe rumbu a ƙirga damin hatsi, a maida ƙofa a liƙe gaban kowa. Bisashe kuma ɗaya bayan ɗaya: launi, shekaru, shaidar wuta ko tsagar kunne, mai ciki ce ko a'a. A ɗauki hoto da salula. Takardar ta zama kwafi uku, ɗaya wurin maigari, ɗaya a hukumar filaye ta gunduma, ɗaya wurin jandarma.

Nan ake yawan yin kuskure: a haɗa kayan mace da na mijinta. Tumakinta, kayan ɗakinta, gayaunar da take nomawa, duk nata ne, ba su shiga ƙidayar. Haka gandun da ba a raba gado ba. Rabon wanda ake zargi kaɗai ake riƙewa, ƙannensa su ci gaba da noma.

Abin da ke lalacewa ba a ajiye shi. Albasa in ta daɗe a rudu ba mai dubawa ruɓewa take, wake kuma ƙwari ke cinyewa. A kai su kasuwa ranar cinta, a sayar gaban shaidun, a rubuta buhu nawa da farashin ranar da sunan dillali, kuɗin a ajiye da rasit. Bisashe a ba makiyayi da takarda: nono nasa ne a matsayin lada, ƴaƴan da aka haifa na mai dabba ne, wadda ta mutu kuma a kawo fatarta da shaidar a gani. Gona kada a bar ta saura, amma aro kawai za a ba da, na damina ɗaya, a rubuce. A hana mai aron dasa itace ko haƙa rijiya, don a al'adarmu waɗannan biyun ne mutum ke tsayawa kansu bayan shekaru ya ce gonar tasa ce.

In mai dukiya ko magadansa sun dawo suka iske wani a gonar, kada su zarce kotu. Dokar karkara ta 1993 ta sa a fara sulhu wurin sarakunan gargajiya, daga maigari zuwa sarkin yanki. Ko an daidaita ko ba a daidaita ba, a karɓi takardar zaman. Alƙali ita zai fara tambaya, wanda ya je hannu sake kuwa mayar da shi za a yi.

Maganar diyya ta fi wuya, kuma gara a faɗi gaskiya: hakki yana nan, kuɗi ne ba ya zuwa da sauri. Yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta tanadi biyan waɗanda rikici ya raba da gidajensu, Nijar kuma ta yi dokar kare su a watan Disamba 2018. Amma diyya mai yawa sai an ware mata asusu. Bayan mamayar da Iraƙi ta yi wa Kuwait a 1990, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta biya dalar Amurka biliyan 52.4 daga kuɗin man Iraƙi, cikin kusan biliyan 352 da aka nema, kuma ba a gama ba sai 2022. An sa wa'adin shigar da buƙata, an kuma rage ko an watsar da wadda ba ta da hujja. Darasin da ya shafe mu shi ne a haɗa takardu yau, tun shaidu na da rai kuma tokar gidan ba ta bi ruwan sama ba.

Kada ka share kango kafin a gani. Kai ƙara wurin jandarma, ka karɓi lambar takardar bayaninka, ka faɗa a fili cewa kana neman diyya cikin shari'ar. Lambar nan ka riƙe ta da kyau, domin shari'ar ta'addanci sashen kotu na musamman da ke Yamai ake kai ta, ba tare da lamba ba kuwa neman fayil ɗinka ya zama neman allura cikin ruwa. In takardar gonarka ta ƙone, nemi kwafi a hukumar filaye. In ta haihuwa ce, kotu na ba da hukuncin da ke maye gurbinta. Ga bisashe, katin rigakafi da tikitin kasuwa da shaidar dillalin da ya sayar maka duk hujja ne. Wanda ba shi da halin lauya ya tambayi ofishin ANAJJ, hukumar taimakon shari'a, a babbar kotun Tahoua.

Wajen kimantawa, faɗi abin da ka rasa daidai. Mai shanu 12 da ya rubuta 30, in maƙwabci ɗaya ya ƙaryata shi, har 12 ɗin sun shiga shakka. Sa farashin kasuwar da ta fi kusa da kai a watan da abin ya faru. Sannan ka lura da lissafin baki: mu da dala muke ƙirga, takarda da sefa, dala ɗaya kuwa sefa biyar ce. In ka ce ɗari biyu kana nufin jikka guda, mai rubutu ya sa 200 maimakon 1,000, ka yi asarar kashi huɗu cikin biyar da hannunka. Sa a karanta maka kowane adadi da jikka kafin ka dangwala yatsa, kuma kada ka miƙa wa kowa takardar asali. Kwafi ake bayarwa, a buga maka hatimi da kwanan wata a kan naka.