Yadda na shawo kan mutuwar kifin ado a ƙaramin tanki

Tankin gilashi mai cin lita 40 na saya wa yara a nan Katsina, mai kayan ya haɗa mini da golfish (kifin ado mai ruwan zinariya) da wasu ƙananan kifaye masu launi. Ba a jima ba ruwan ya gurɓace, kifayen suna tasowa sama suna haɗiyar iska, da safe sai a tarar da ɗaya ya juya ciki sama.

Ashe haɗin ne bai dace ba. Golfish kifin ruwan sanyi ne, yana girma sosai, ga yawan kashi. Daga kashin ne amoniya, wata guba, ke taruwa a ruwan tana kashe ƙananan kifayen. Na mayar wa mai kayan da sauran kifayen, na karɓo gofi da filati kawai, wato wasu ƙananan kifayen ado. Waɗannan suna jure ruwan burtsatse irin namu mai gishiri-gishiri, kuma suna son ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 28. Mata biyu ga namiji ɗaya na sa, don namijin gofi ba ya barin mace ta huta. Haihuwa kuwa sai ka gaji da kyauta.

Kaɗan-kaɗan na riƙa ƙara su, saboda ƙwayoyin bakteriya da ke cinye amoniya a cikin na'urar tace ruwan tankin suna ɗaukar makonni kafin su kafu. Duk mako ina canza kwatan ruwan. In na famfo ne sai na sa maganin cire kulorin.

Hunturu shi ne sauran aikin. A Disamba da Janairu ina kunna hita, in an ɗauke wuta da dare na lulluɓe tankin da bargo.